Zango da doki: abin da mahayi zai sani kafin ya sauke sirdi a bakin tafki



Damina ta ja baya, tafkuna sun cika, ciyawa ta kai gwiwa a arewacin Tarka. Lokacin tafiya ke nan ga mai doki. Wani zai raka garke, wani zai je gaisuwar dangi a Barmo ko Sakabal, wani kuma ya nufi taron makiyaya can wajen Ingal. Tafiyar da ta wuce yini guda kuwa dole a kwana a hanya, kuma a wurin kwanan ne ake yawan yin asara. A nan doki ke kamuwa da ciwon ciki, a nan wuta ke tserewa ta cinye makiyaya, a nan ne kuma rigima ke tashi da mai gona ko mai rijiya. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu yi bayanin yadda ake zango da doki, tun daga zaɓen wuri har zuwa tashi.

Zango tsohon abu ne a ƙasarmu

Kakanninmu fatake sun san wannan aiki ciki da waje. Ayarin da ke tasowa daga Agadas ya ratsa Damargu ya sauka Katsina da Kano yana da madugu mai ja gaba, yana da wuraren sauka sanannu, kowane da rijiyarsa ko tafkinsa. A manyan garuruwa akwai sarkin zango, wanda ke karɓar baƙi, ya nuna musu inda za su ɗaure dabbobi, ya kuma tsaya musu idan magana ta taso. 'Yan uwanmu da ke Kumasi da Akara sun san unguwannin da ake kira Zango har yau. Sunan ya samo asali ne daga wurin saukar fataken goro.

Abin da tsofaffin nan suka riƙe shi ne mai sauka baƙo ne. Ruwan da zai sha da ciyawar da dabbarsa za ta ci, ya tarar da masu su, kuma bayan ya tashi wasu na tafe. Wannan ƙa'ida ba ta tsufa ba.

Doki ba raƙumi ba ne

Mu nan Dakoro mun saba da raƙumi da saniya da jaki, har mukan auna doki da ma'auninsu. To jikinsa daban yake. Raƙumi na iya kwanaki bai sha ruwa ba. Doki kuwa yana buƙatar lita 30 zuwa 40 kowace rana, idan ga zafi ga tafiya ya haura 50. Wato jarka biyu ta lita 25 ga doki guda. Saboda haka ruwa ne ke yanke tsawon tafiyar yini. Doki mai tafiya a tsanake yana cin kilomita 5 zuwa 6 a awa, kuma kilomita 30 zuwa 40 sun ishe shi a yini idan gobe ma za a hau shi. Kafin ka bar gida, ka san inda za ka shayar da rana da inda za ka shayar da yamma. Matambayi ba ya ɓata: makiyayan da suka fito daga inda ka nufa su ne za su gaya maka tafkin da ya ƙafe da rijiyar da ta rufta.

Na biyu, cikin doki ƙarami ne, ba ya tuƙa kamar saniya, kuma ba ya iya amai. Abin da ya shiga ya shiga ke nan. An halicce shi ya ci kaɗan-kaɗan yini da dare. Doki mai nauyin kilo 300 yana buƙatar kamar kilo 6 na busasshen abinci a rana, mafi yawansa ciyawa da harawa. Hatsi ƙari ne kawai. Kada a zuba masa fiye da rabin tiya na gero ko dawa a ci guda, kuma kada a ba shi hatsi yana haki. A bari ya huce, ya sha ruwa, ya ci ciyawa tukuna. Abincin da ya saba da shi a gida shi za a ɗauko masa, don sauya abinci farat ɗaya na cikin manyan abubuwan da ke murɗa masa ciki.

Akwai wani abu da ya shafe mu mu mutanen tudu musamman, wato rairayi. Idan ana zuba wa doki dusa ko hatsi a ƙasa, yana haɗiye yashi tare da abincin, yashin ya taru a hanji sannu a hankali har ya toshe. A shimfiɗa buhu ko tsohuwar tabarma, ko a zuba a kwano. Buhu guda na iya ceton doki.

Sai gyauron dawa. Ɗanyen tohon da ke fitowa bayan an girbe dawa yana da guba, masu shanu sun sani. Kada a bar doki ya kai bakinsa gare shi.

Ina za a sauka?

Idan mutum ya gaji ya hango ruwa, ransa na so ya sauke kaya nan bakin gaɓa. Ku ji mu da kyau, nan ne wuri mafi muni. Bakin tafki matattarar sauro ce da bobuwa da wasu ƙananan ƙwari masu cizo da magariba da asuba. Waɗannan ƙananan ne ke yaɗa annobar dawaki, wadda ke kumbura kai, ta cika huhu da ruwa, ta kashe doki cikin 'yan kwanaki. Laka kuma na laushe kofato, ga matsattsaku. Sannan bakin ruwa hanyar kowa ce: garken shanu zai sauko da sassafe ya bi ta kan kayanka.

A shayar da doki, a cika salka da jarka, sannan a ja baya zuwa tudu inda iska ke kaɗawa, nisan da za ka hango ruwan amma ba ka jin sanyin laka. Haka ake yi ko a Akadane ne ta ƙasar Barmo, ko Tabalak ta jihar Tawa, ko tafkin Madarunfa a kudu. A guji wurin da aka taɓa yar da mushe, domin ƙwayar ciwon saifa na shekaru da yawa a cikin ƙasa ba ta mutu ba. A duba ƙasa da kyau saboda ramin maciji da gidan tururuwa, a share ƙarangiya da ƙaya daga inda dokin zai kwanta.

Wajen ɗauri, turke ya fi itace. Doki na gaigayar ɓawon itace, yana tona saiwa da kofato, kuma aduwa ko ƙandili guda a daji inuwar mutane da yawa ce. A kafa turke mai ƙarfi, a ɗaure da ragama. Ba a ɗaure doki da linzami, don in ya firgita ya fizga, ƙarfen na iya tsaga masa harshe. Idan za a sake shi kiwo a yi masa dabaibayi da igiya mai laushi wadda ba ta cin fata, ko a yi talala, mutum na kusa yana kallo. Ingarma biyu ba sa kwana kusa da juna, balle idan akwai goɗiya a zangon. Duk wanda ya taɓa raba faɗan dawaki cikin duhu ba ya son ya sake.

Da an sauka, a sassauta majayi, a ɗan jira, sannan a ɗauke sirdi. A shafa bayan dokin da tafin hannu. Inda ka ji zafi ko kumburi, miki ne ke shirin fitowa, kuma doki mai mikin baya ya tashi daga aiki na makonni. A shanya jalala ta bushe, a kakkaɓe yashi da ƙarangiyar da suka manne mata. A ɗaga ƙafafu huɗun ɗaya bayan ɗaya a cire tsakuwa da ƙaya. A duba kaska a ƙarƙashin wutsiya da cikin kunne.

Alamun da ba a wasa da su

Doki mai lafiya idan ya huta, zuciyarsa na bugawa sau 28 zuwa 44 a minti. Ka tsunkuli fatar wuyansa ka saki: in ta koma nan take, ruwan jikinsa ya isa, in ta tsaya a tsunkule, ƙishirwa ta ci shi. Idan ya ƙi abinci, yana waiwayen cikinsa, yana tonon ƙasa, yana kwanciya yana tashi yana birgima, ciwon ciki ne. A ɗauke abinci, a riƙa zagayawa da shi a hankali, a nemi ma'aikacin kiwo ta waya. Kada a ɗura masa ruwa ko jiƙo ta hanci, yana iya wucewa huhu. Lambar likitan dabbobi ta kasance cikin wayarka tun kafin ka fita.

Ba mu manta da 2019 ba, shekarar da murar dawaki da jakuna ta ratsa Nijar da Najeriya har Senegal, ta kashe dubban jakuna. Irin wannan cuta a mashaya da kasuwa da wurin taro take yaɗuwa. Ka tafi da bokitinka. Dokin da ke tari ko majina, a nisanta shi da sauran, kuma mai shi ya haƙura da taron bana.

Ruwa da ciyawa suna da doka

Yanzu mu zo kan abin da ya fi jawo magana. Dokar 61-05 ta watan Mayun 1961 ta shata iyakar noma ta arewa, kuma a yankinmu kwarin Tarka ne kowa ke kallo a matsayin wannan iyaka: kudu ƙasar noma, arewa ƙasar kiwo. Mun san gonaki sun daɗe da tsallaka ta, shi ya sa wurin da mahaifinka ya yi zango shekaru 30 da suka wuce, yau kana iya tarar da gero a tsaye. Kundin dokokin karkara na 1993 da dokar kiwo ta 20 ga Mayun 2010 sun tabbatar da cewa yawon kiwo haƙƙi ne na makiyayi, burtali da makiyaya dukiyar kowa ce, ba mai ikon nome su ko toshe su, kuma ba a hana dabba kaiwa ga ruwan tafki.

Wannan haƙƙi na tafe da nauyi. A ƙasar noma, har zuwa ranar da gwamna zai bayyana sakin gonaki, wadda yawanci takan faɗo wajajen ƙarshen shekara, dabba ba ta da hurumin shiga gona. Mai doki ya bi burtali, ya sauka a makiyayar da aka keɓe. Doki guda da ya kwance cikin dare na iya ɓarnar wake mai yawa kafin asuba. In hakan ta faru, kada a sulale. A nemi mai gona, a je gaban mai gari a sasanta. Akwai kuma hukumomin kula da filaye da ake kira Kofo, tun daga ƙauye har komin da gunduma, su ne suka san iyakar burtali da makiyaya. Jiharmu ta ga abin da ya faru a Toda cikin Oktoban 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayuka fiye da 100, yawancinsu mata da yara. Allah kada ya maimaita mana. Irin wannan wuta daga ƙaramar ɓarna take farawa.

Rijiya kuma dabam take da tafki. A ƙasar kiwo, dangin da suka haƙa rijiya suna kula da ita su ke da fifiko a kanta. Al'ada ba ta yarda su hana matafiyi ruwa ba, amma shi ma ba ya zura guga kafin ya yi sallama. A gaida mai rijiya, a faɗi daga ina zuwa ina, kwana nawa za a yi, a jira layi. Baƙo raɓa ne, in ji Hausawa. Wanda ya zo da ladabi, sau da yawa har nono da shayi zai samu, a kuma gaya masa labarin hanya.

Wanda hanyarsa ta bi ta Gadabeji ya sani cewa gandun nan yana da nasa dokoki. An keɓe shi tun 1955, faɗinsa eka 76,000 ta awon hekta, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren da take karewa a 2017. A 2018 aka kawo raƙuman dawa 8 daga Kure aka sake su a ciki. Farauta da saran itace haramun ne a can. Kafin ka sauka ko a gefensa, ka ga ma'aikatan gandun daji su nuna maka inda ya halatta.

Wuta

Daga Oktoba, ciyawar arewa ta bushe ƙayau, iska kuma ta fara. Kowace shekara muna karanta sanarwar gobarar daji a ƙasar Barmo da arewacin Dakoro, kuma sau da yawa asalinta garwashin shayi ne ko guntun taba. Ciyawar da ta ƙone a Oktoba ba ta dawowa sai wata damina. Wannan abincin wata takwas ne na dabbobin mutane, an gama da shi a yini guda. Hanyoyin tare wuta da jama'a ke sharewa da guminsu suna taimakawa, amma ba su isa ba idan matafiyi bai kula ba.

A share fili mai faɗi har sai an ga yashi, a tona ɗan rami, a hura wuta ƙarama a ciki, ta gefen da iska ba za ta kai tartsatsi kan ciyawa ko harawar doki ba. Da za a kwanta ko za a tashi, a zuba ruwa, a rufe da yashi, a sa hannu a ji ya yi sanyi. Leda ma a kwashe. Akuya da saniya na haɗiye ta, mahauta na ganin ta dunƙule a tumbi.

Idan hanya ta kai duwatsu

Wanda zai bi ta duwatsun Adar wajen Buza da Keita, ko ya wuce gangaren Tigidit ya nufi Abzin, ya tuna dawakinmu a rairayi suka tashi, ba su da takalmin ƙarfe. Tsakuwa na cinye kofato da sauri. A rage tsawon tafiya, a sauka a ja doki a hawa mai tsauri da gangara. Duwatsun Bagzan, inda tsauni mafi tsawo a Nijar yake, mai mita 2,022, sun yi suna da dawakin da ake kira da sunansu, amma mutanen wurin ma jaki suke ɗora wa kaya a kan waɗannan hanyoyi.

Babban haɗari a ƙasar dutse shi ne kwana cikin kori. Yashinsa laushi, ga inuwa, sai ya ja hankalin mai gajiya. Ruwan da aka yi can nesa kan dutse, wanda ko hadarinsa ba ka gani ba, yana iya saukowa cikin dare ya tafi da mutum da dabba. A hau gefe. Kuma daren hunturu a dutse yana da sanyi ƙwarai, dokin da ya yi gumi a rufa masa buhu ko bargo har ya bushe.

Maganar tsaro ma ba ta ɓuya ga kowa. Ba a tafiya mutum ɗaya, ba a tafiyar dare, a sanar da mai gari ko jami'an tsaro idan an sauka kusa da gari, a kuma kwana ana karɓa-karɓar gadi. Satar dabbobi ta yi yawa, musamman kudu wajen iyaka.

Can ƙasashen waje ma haka ne

'Yan uwanmu da ke Amurka za su shaida cewa a gandayen dajin gwamnati na can akwai wuraren da aka keɓe don masu zuwa kwana da dawakinsu kusa da tafkuna da hanyoyin dutse. Ƙa'idar da ake koya musu ita ce a ɗaure dabba nesa da ruwa da kamar mita 60, kada a ɗaure ta a jikin itace ta daɗe, kuma a wurare da yawa ba a shiga da ciyawa sai mai takardar shaidar cewa ba ta ɗauke da irin mugun haki. Wannan na ƙarshe ya kamata ya tsaya mana a rai. Ku dubi yadda garmani ya mamaye burtali da makiyaya a jihar Maradi, ya kori ciyawar da dabba ke so. Iri na tafiya cikin harawa da kashin dabba da gashin wutsiya. Su sun rubuta a allo sun kafa a bakin hanya, mu kuma mun gada a baki daga iyaye. Abin da ya rage shi ne mu yi aiki da shi.

Ga 'yan uwa na Kano da Legas da Abijan da Libiya masu aiko kuɗi a sayi doki ko a riƙa kula da na gida, idan kun kira waya ku tambayi yaron da ke hawansa inda yake kwana da shi a hanya, da abin da yake zuba masa abinci a kai, da ko akwai lambar likita a wayarsa. Kuɗin bokiti da igiya mai kyau da buhun harawa kaɗan ne idan aka kwatanta da kuɗin doki.

Kafin a ɗaura sirdi da safe, a shayar, a cike ramin turke, a watsa kashin doki ya bushe, a tabbatar toka ta yi sanyi, a je a yi wa mai gari ko mai rijiya ban kwana. Wanda ya yi haka, baɗi in ya dawo da fara'a za a tarbe shi, kuma na bayansa ma zai ci albarkacinsa.

Dattawan da suka san tsofaffin wuraren zango tsakanin Kornaka da Tarka har zuwa Barmo, muna roƙonku ku kira mu a shirin makiyaya ku faɗa mana sunayensu da rijiyoyinsu, don matasa su ji su riƙe. Allah ya kai kowa lafiya, ya dawo da shi lafiya, shi da dabbarsa.